Kwaɗo da Mabuɗi: Yadda Na'urorin Tsaron Akwati Su ke Aiki, da Labarin Gwajin 1851

Hausa tana da kalmomi uku na kiran abin ajiya mai marfi wanda a ke iya kullewa, watau akwati da adaka da sanduƙi, kuma dukansu baƙi ne. Sanduƙi daga Larabci ya zo, wannan ba ya bukatar dogon bayani. Akwati daga Yarabanci ne, inda a ke cewa apoti. Baƙin nan da Yarabawa ke rubutawa da p ba irin na Ingilishi ba ne, ana furta shi da leɓɓa da hanɗa a lokaci guda, da ya ke kuwa babu irinsa a Hausa sai bakin Bahaushe ya mai da shi kw. Adaka kuwa kalmar Asante ce, ga alama fataken goro ne suka taho da ita daga Gwanja, su ma mutanen Asante ana jin daga bakin Turawan Fotugal suka karɓe ta, waɗanda ke kiran babban akwati arca. Daga baya aka sami ta huɗu, watau sef, daga Ingilishi. Wannan ba ya nuna cewa Bahaushe bai san ajiya ba kafin zuwan baƙi, domin yana da rumbu da tukunya da jaka, yana kuma binne kuɗi a ƙasa. Abin da ya ke nunawa shi ne akwati mai makulli hanyar fatauci ya biyo, ya iso tare da sunansa.

Wajen abin kullewa kuwa harshen ya fi nuna ƙarfinsa. Makulli da mabuɗi ƙirar gida ne, an gina su bisa ƙa'idar nan ta ɗafa ma- a goshin aikatau don samar da sunan abin aiki, kamar yadda a ke samun madubi daga duba. Abu ɗaya ne a hannu amma sunansa biyu, ɗaya ya dube shi ta wajen kullewa, ɗaya ta wajen buɗewa. Larabawa ta wajen buɗewa suka dube shi, suka ce miftah, daga fataha. Sai dai makulli ya kan ruɗa mai sauraro, gama ana kiran abin da aka kulle da shi makulli, ana kuma kiran abin da a ke rataya wa a wuya makulli, shi ya sa mutane su kan ce ɗan makulli in suna son rarrabewa. A wasu sassa a kan ji kuble da makubli, siffar da ta fi kusa da Larabcin ƙufl, ba mamaki can ne tushenta. Shi kuwa kwaɗo aron siffa ne, an ga abin a dunƙule, a tsugune, aka ba shi sunan na bakin tafki. Rubutun boko ba ya raba shi da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, furuci ne kaɗai ke raba su.

Inda harshen ya yi shiru shi ne cikin kwaɗon. Malamin da zai bayyana wa ɗalibai abin da ke faruwa sa'ad da aka murɗa mabuɗi ba shi da sunayen da aka daddale a kansu. Sabo da haka a cikin wannan takarda za a kira ƙarfen da ke fita ya riƙe marfi sakata, za a kira makullin da aka kafa a jikin akwati ko ƙyaure kuba, wanda a ke ratayawa kuwa kwaɗo, sauran sassan za a ba su suna in an iso gare su.

Kowace kuba abu uku ce: sakata, da abin da ke hana sakatar motsi, da mabuɗin da ke kau da abin da ya hana. Dukan tarihin wannan sana'a yana kan na tsakiyan ne. Mafi tsufa ita ce kubar itace wadda aka sani a Masar da ƙasashen da ke maƙwabtaka da ita tun zamanin da. An huhhuda sakatar ta sama, in an tura ta sai waɗansu ƙusoshi su faɗo da nauyinsu cikin hudojin su riƙe ta. Mabuɗin wani ɗan itace ne mai haƙora, ana zura shi a ɗaga, haƙoransa su ture ƙusoshin sama, sakata ta sami hanya. Irin wannan ce Dogon da Bambara na ƙasar Mali su ke kafa wa ƙyauren rumbu, da sassaƙa mai kyau a jikinta. Maƙeran Abzinawa kuwa suna da nasu kwaɗo na ƙarfe da tagulla wanda a ke kulle jakar fata da shi a kan raƙumi, akwai ma wanda ba ya buɗuwa sai da mabuɗi biyu ko uku, kowanne a bayan ɗan'uwansa.

Rumawa suka yi kuba ta ƙarfe ƙarama wadda ta dace da ɗan akwati, har su kan ƙera mabuɗin a jikin zobe su sa a yatsa. Dabarar da ta bazu a Turai bayansu, ta kuma yi mulki fiye da shekara dubu, ita ce ta shinge. Ana kafa waɗansu ƙarafa a cikin kubar a kan hanyar da mabuɗi zai bi in yana juyawa, sa'an nan a tsattsaga mabuɗin daidai wurin kowane shinge don ya wuce. Mabuɗin da ba shi da tsagar sai ya ci karo ya tsaya. Ganin irin waɗannan mabuɗai da zane-zanensu ya kan sa mutum ya ɗauka babu mai iya musu, alhali kuwa ado ne kawai. Ɓarawo ya kan shafa kakin zuma a jikin mabuɗin da ba a tsaga ba, ya zura ya murɗa, shingayen su bar masa shaidar inda su ke. Ko ma ya huta da wannan, ya goge mabuɗin duka ya bar ɗan bakinsa kaɗai, siriri, wanda zai zagaye shingayen ya isa sakata. Har yanzu kwaɗo mai araha da yawa ta wannan hanya a ke ƙera shi.

Da ya ke kubar ba ta da ƙarfi, sai maƙera suka koma ga yawa da yaudara. Cikin ƙarni na 16 da na 17 maƙeran Nuremberg da Augsburg a ƙasar Jamus sun yi suna wajen ƙera akwatunan ƙarfe waɗanda 'yan kasuwa da masu biyan sojoji ke ajiye kuɗi ciki. Kubar ta kan cika bayan marfin kaf, murɗa ɗaya ta mabuɗi tana janye sakata takwas ko goma sha biyu ko fiye, waɗanda ke kama bakin akwatin ta ko'ina, don kada a sami inda za a zura ƙarfe a ɓamɓare. A gaban akwatin akwai kafar mabuɗi babba mai ado, amma ta ƙarya ce, babu kome a bayanta. Ta gaskiyar tana bisa marfi, a ɓoye a ƙarƙashin wani ɗan ƙarfe da a ke turewa. Wata dabarar kuma ba ta maƙera ba ce, ta masu mulki ce. Cikin 1538 Thomas Cromwell ya ba da umurni kowace majami'a a Ingila ta ajiye littafin rajistarta cikin akwati mai kuba biyu, mabuɗi ɗaya a hannun limamin, ɗaya a hannun wakilan jama'a, cikin 1603 kuma aka mai da su uku. A nan ba ɓarawon waje a ke tsoro ba, mai riƙon amanar ne. Wajen 1680 wani maƙeri a Birmingham, John Wilkes, ya ƙera kuba mai faifan lamba wanda ke matsawa gaba ɗaya duk sa'ad da aka buɗe ta, sabo da haka mai gida yana iya sanin ko an buɗe a bayan idonsa, ko da kuwa da mabuɗinsa na gaskiya aka buɗe. A lura da wannan, domin za a sake gamuwa da ita: kubar da ba ta iya hanawa tana iya ba da shaida.

Canji na gaske ya zo cikin 1778, sa'ad da Robert Barron ya yi rajistar ƙirarsa a Ingila. Kafin shi akwai kuba mai ɗan ƙarfe guda da ke danne sakata, in an ɗaga shi ta kuɓuta, kuma kome nisan ɗagawar duk ɗaya ne. Barron ya yi yadda in an ɗaga bai kai ba sakata tana riƙe, in kuma an ɗaga ya zarce sai ta sake kamuwa ta sama. Dole a ɗaga shi daidai, ba ragi ba ƙari. Siffar da wannan dabara ta zauna a kanta daga baya ita ce: ana jera fallayen ƙarfe, ɗaya bisa ɗaya, kowane falle da tsaga a jikinsa, amma tsagogin ba su daidaita ba. A jikin sakata akwai ɗan turke wanda ba shi da hanya sai ta cikin tsagogin nan. Haƙoran mabuɗi hawa-hawa ne, kowane haƙori yana ɗaga fallensa gwargwadon tsawonsa, har tsagogin duka su yi layi ɗaya, turke ya wuce, sakata ta janye. In aka ɗauka fallayen shida ne, kowanne kuma yana da matsayi bakwai da zai iya tsayawa, to, sai a riɓa bakwai sau shida, a sami 117,649. Mabuɗi ɗaya ne tak cikin wannan adadi zai buɗe.

Shekara shida bayan Barron, cikin 1784, Joseph Bramah, mutumin Yorkshire wanda ya fara da sana'ar kafinta, ya fito da tasa. Mabuɗinsa ɗan bututu ne da aka tsattsaga bakinsa, kowace tsaga da zurfinta. A cikin kubar akwai siraran ƙarafa da aka jera a kewaye, kowanne da sifirin a bayansa yana turo shi. In an danna mabuɗin, kowace tsaga ta tura ƙarfenta zuwa zurfin da aka ƙayyade, sa'an nan gangar ciki ta iya juyawa. Aiki ne da ke son awo mai tsanani, wanda hannu da magogi ba su iya maimaitawa da yawa, sai Bramah ya ɗauki wani saurayi maƙeri, Henry Maudslay, ya ƙera masa injunan yin sassan. Maudslay ɗin nan shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen ƙirar injuna masu yin injuna a Ingila, watau tsoron ɓarawo yana da hannu a cikin ci gaban masana'antu. Bramah ya amince da kubarsa har ya sa wani babban kwaɗo mai siraran ƙarafa 18 a tagar kantinsa da ke titin Piccadilly a Landan, da sanarwa cewa duk wanda ya buɗe shi ba da mabuɗinsa ba yana da gini 200. Gini ɗaya sule 21 ne, watau fam 210 ke nan, dukiya mai kauri a wancan zamani. Kwaɗon ya yi shekara 50 ko fiye a tagar nan.

Na ukunsu shi ne Jeremiah Chubb, wanda ya yi rajistar kubarsa cikin 1818. Fallaye ne irin na sama, amma ya ƙara wani ɗan ƙarfe a bisansu wanda ya cancanci a kira shi ɗan tsegumi. Mai neman buɗe kuba da waya lalube ya ke yi, ba makawa sai ya ɗaga wani falle fiye da kima. Da zarar haka ta faru sai ɗan tsegumi ya cafke fallen ya riƙe shi a sama, kuba ta ƙame. Ɓarawo ba ya iya ci gaba, shi ma mai akwati in ya zo da mabuɗinsa sai ya ji ta ƙi, nan take ya san an taɓa masa kaya. Da farko sai da wani mabuɗi na dabam a ke sakinta, amma cikin 1824 ɗan'uwansa Charles Chubb ya gyara ta yadda in an murɗa mabuɗin gaskiya da baya za ta saki. Ana ba da labari cewa an ba wani fursuna, wanda a da maƙerin makulli ne, irin wannan kuba, da alkawarin afuwa in ya buɗe ta, ya yi wata biyu ko uku yana fama ya haƙura. Ko labarin ya tabbata ko an ƙara masa gishiri, ya taimaki ciniki. Zuwa tsakiyar ƙarnin, bankuna da ofisoshin gwamnati da attajiran Ingila sun sakankance cewa matsalar makulli ta ƙare.

Cikin 1851 aka yi babban baje koli na duniya a Landan, cikin ƙaton gidan gilashin nan da aka gina a filin Hyde Park. Cikin baƙin da suka zo daga Amurka akwai Alfred Charles Hobbs, wakilin wani kamfanin makullai na New York mai suna Day & Newell. Hanyar tallansa a gida ita ce ya je banki ya buɗe kubarsu a gaban idonsu, sa'an nan ya sayar musu da tasa. Haka ya yi a Landan. Cikin watan Yuli, a gaban shaidu, ya buɗe kubar Chubb da ke jikin ƙofar wani ɗakin ajiya cikin minti 25. Daga nan ya nufi Piccadilly ya karɓi ƙuren Bramah. Aka kafa kwaɗon a jikin katako yadda kafar mabuɗi kaɗai ke waje, aka ba shi ɗaki shi kaɗai. Ya yi aikin sa'a 51 cikin kwana 16, zuwa ƙarshen watan Agusta kwaɗo ya buɗe. Kamfanin ya yi gardama kan ko an cika sharuɗɗa, masu sulhu suka duba suka ce a biya shi, aka biya.

Yadda ya yi shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa, gama ba sihiri ba ne, kuma darasi ne na lissafi. Hobbs bai gwada mabuɗai dubu ɗari ɗaya bayan ɗaya ba. Ya kan zura ƙarfe ɗaya ya matsa wa sakata kaɗan, kamar mai son janye ta, ya riƙe matsin. Turken sakata sai ya jingina da bakin fallayen. To, kome gwanintar maƙeri, ba ya iya yanka fallaye shida su zama daidai wa daida, dole wani ya ɗara wani da abin da bai kai kaurin gashi ba. Sabo da haka falle ɗaya ne turken zai fara dannewa, sauran suna sakwa-sakwa. Da ƙarfe na biyu sai ya lalubi wanda ya yi tauri, ya ɗaga shi sannu sannu har tsagarsa ta zo daidai da turke. Nan sakata ta kan ɗan motsa, hannunsa ya ji, matsin ya koma kan wani falle. Sai ya bi wannan kuma, har su ƙare. Tun da ya ke yana tsayawa ne da zarar ya ji motsin, ba ya zarcewa, ɗan tsegumi ba ya samun abin faɗi. A duba abin da ya faru da lissafin nan na ɗazu. Ƙarfin kubar yana ga cewa dole a dace da fallaye shida gaba ɗaya, shi ne ya ba da 117,649. Hobbs ya raba su ya tambayi kowanne shi kaɗai, sai riɓawa ta koma tarawa: matsayi bakwai na falle na fari, da bakwai na na biyu, har shida, duka 42. Kubar da kanta ta riƙa gaya masa inda ya dace.

Jaridun Ingila suka yi ta cece-kuce wata da watanni. Masu kare Bramah suka ce wane ɓarawo ne za a ba shi ɗaki da fitila da kwana goma sha shida ba mai tsawata masa? Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ma'auni mafi kyau na kowane makulli, watau yawan lokacin da ya ke ci wa ɓarawo. Amma ba abin da aka rubuta a tagar ke nan ba. An yi tallan kuba wadda ba ta buɗuwa, aka kuma buɗe ta. Wasu kuwa suka zargi Hobbs da koya wa ɓarayi sana'a. Amsar wannan ta fito cikin wani ɗan littafi kan ƙirar makullai da Charles Tomlinson ya shirya cikin 1853 daga bayanan Hobbs, inda aka kafa hujja cewa ɓarayi sun riga sun san abin da a ke ɓoyewa, suna kuma koya wa juna, wanda a ke bari cikin duhu shi ne mai dukiya. Hujjar tana da ƙarfi, shi ya sa ma ba a ga laifin bayyana waɗannan abubuwa a takarda irin wannan ba. Maƙera dai suka koma maƙera. Aka yawaita tsagogin ƙarya a bakin fallaye, marasa zurfi, waɗanda ke sa mai lalube ya ji kamar ya dace alhali bai dace ba. Aka sa wani ɗan labule na ƙarfe da ke rufe kafar mabuɗi in an fara murɗawa, don a rasa wurin zura ƙarfe biyu. Hobbs kansa ya zauna a Landan ya kafa kamfani, ya ƙera kubar da ke kau da matsi daga kan fallaye, cikin 1854 kuwa wani ma'aikacin Chubb ya buɗe ta.

Kubar da ta fi kowace bazuwa a duniya daga Amurka ta fito. Linus Yale ƙarami ya yi rajistarta cikin 1861 da 1865, kuma in an duba da kyau tsohuwar kubar Masar ce ta dawo cikin tagulla. Akwai ganga mai juyawa a cikin gida, da ramuka da suka ratsa su biyun. A kowane rami akwai ƙusa biyu, ɗaya bisa ɗaya, da sifirin yana danna su ƙasa. In babu mabuɗi, ƙusar sama tana gicciye a kan iyakar ganga da gida, ganga ba ta juyawa. Haƙoran mabuɗi suna ɗaga kowace ƙusa har mahaɗar biyun ta zo daidai kan iyakar. Fa'idarta ita ce mabuɗin ƙarami ne, falle ɗaya, inji yana yanka dubbai, kowanne dabam. Yawancin kwaɗon tagulla da a ke saye a kasuwa yau wannan ce a cikinsa, kuma hanyar Hobbs tana cinta kamar yadda ta ci ta Chubb, sai dai in an sa mata ƙusoshi masu ƙugu waɗanda ke yin aikin tsagar ƙarya.

Amma ɓarayi kaɗan ne ke da haƙurin Hobbs. Da kuba ta yi wuya sai suka bar ta suka koma ga jikin akwatin. Cikin 1865 wasu suka shiga kantin wani mai sayar da agogo da kayan ado a unguwar Cornhill ta Landan a ƙarshen mako, suka riƙa buga 'yan ƙananan ƙarafa masu tsini tsakanin ƙofar sef da jikinsa, daga siriri zuwa mai kauri, har suka sami wurin zura babban ƙarfe suka ɓalle ƙofar, kuba tana nan a kulle ba abin da ya same ta. Bayan wannan aka shiga yin bakin ƙofa hawa-hawa, da sakata masu ƙugiya da ke riƙe jikin sef ta kowane gefe. Wasu ɓarayin kuma su kan ɗura albarushi ta kafar mabuɗi. Maganin wannan shi ne a kashe kafar gaba ɗaya, shi ne aka koma ga kuba mai lamba. A bayan ƙofa akwai faya-fayai uku ko huɗu a kan sanda ɗaya, kowanne da tsaga a bakinsa. Ana juya faifan lamba na waje dama da hagu bisa ƙa'ida, kowane juyi yana ajiye faifai ɗaya a wurinsa, in tsagogin sun yi layi sai wani ƙarfe ya faɗa ciki, sakata ta janye. Faifai uku masu lamba 100 kowanne suna ba da 1,000,000 a lissafi, ko da ya ke a aikace ba su kai haka ba, domin kubar ta kan yafe kuskuren rabin lamba ko ɗaya.

Babu kafa, babu mabuɗin da za a sace ko a kwafa. Sai dai mabuɗin ya koma cikin kan mutum, mutum kuwa ana iya matsa masa. Cikin watan Janairu na 1876 wasu mutane da fuska a rufe suka shiga gidan ma'ajin bankin Northampton a jihar Massachusetts da dare, suka ɗaure iyalinsa, suka azabtar da shi har ya faɗi lambobin, suka kwashe kuɗi da takardun kuɗi na fiye da dala miliyan 1.6. Da aka bincika sai aka tarar akwai hannun wani ma'aikacin kamfanin da ke kula da sef ɗin, da ɗan gari a kan ci gari. Maganin irin wannan ya riga ya samu, sai dai bai bazu ba tukuna. James Sargent na Rochester ya haɗa kuba mai agogo cikin 1873, aka fara kafa ta a wani banki a garin Morrison na jihar Illinois cikin 1874. Agogon yana bayan ƙofa, ana ɗaura shi da yamma a kan yawan sa'o'in da a ke so, kafin su cika kuwa ko an juya lambar gaskiya sakata ba ta motsi. Azabtar da ma'aji da tsakar dare ya zama aikin banza. A kan sa agogo biyu ko uku a jere, ɗaya ya isa ya saki, don kada guda ya tsaya dukiya ta kulle mai ita a waje. Cikin ƙarni na 20, da ɓarayi suka sami mahuji mai ƙarfi da wutar yankan ƙarfe, aka ƙara wani falle na gilashi a bayan kuba, da waya ɗaure da shi tana riƙe da waɗansu sakata na ɓoye. In mahuji ya taɓa gilashin sai ya tarwatse, wayar ta saki, sakatan su faɗa wurinsu su ƙame ƙofar. Jikan ɗan tsegumin Chubb ne. Sef da yawa a yau da lambar lantarki a ke buɗe su, amma sakata da gilashin nan suna nan a bayanta.

Duk wannan labarin bankuna ne. Adakar kwano da ke ƙarƙashin gado a gidan malami ko a ɗakin amarya ba ta gamuwa da mai lalube ko mai albarushi, rauninta a fili ya ke. Sau da yawa za a ga kwaɗo mai tsada a rataye a jikin ƙarfen da aka ɗaura da ƙusa mai murɗi, kan ƙusar yana waje, duk mai sukudireba yana iya kwance shi ya mayar ba a gane ba. In Hausawa sun ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, irin wannan su ke nufi. Ƙarfen ratayan da ya dace shi ne wanda in an rufe ya kan lulluɓe kan ƙusoshinsa, su kuma ƙusoshin su ratsa jikin adakar a ɗaure su ta ciki. Haka nan ƙarfen da marfi ke juyawa a kansa ta baya, in sandarsa tana zaruwa daga waje to an bar ƙofa ta biyu a buɗe. Wuyan kwaɗon kuma gwamma gajere mai kauri da dogo siriri, domin dogon shi ne ke ba zarto da almakashin ƙarfe wurin kamawa. Sa'an nan adakar da mutum ɗaya ke iya ɗauka a ka ba ta bukatar a buɗe ta a ɗakin mai ita. Maƙeran Jamus sun san wannan tun ƙarni na 16, shi ya sa waɗansu akwatunansu ke da hudoji a gindi, ta ciki, inda a ke ɗaure su da daɓen ɗaki ko katakon jirgi kafin a zuba kuɗi a rufe.